Doki ko daragon? Ku taya mu duba hoton bangon wasanmu

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a ji kunyata. Mu uku ne muke haɗa wasan RPG, irin wasan bidiyon da kake zama jarumin labari, tun bara: ni, da abokina da muka yi karatu tare a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da ƙanwarsa mai yi mana zane. Sunan wasan Ɓarawon Tambari. An sace tambarin sarauta daga wani birni na almara a bakin gulbi, sai wani yaron barga ya saci jiki da dokin ubangidansa ya bi sawu cikin daji, yana tara abokan tafiya, yana ƙara ƙarfi, yana karo da iskoki. Faɗan bi-da-bi ne, ka zaɓi abin da za ka yi, abokin gaba ya rama, irin na Final Fantasy na da. Play Store muke so mu fara, Steam, kantin wasannin kwamfuta, kuma in Allah ya hore.

Matsalar hoton bango ce. Yarinyar nan sati shida ta yi a kansa. Akwai jarumin bisa doki, abokansa biyar, ganuwa, kuka, tambarin yana walƙiya a sama, sai daragon da ni na matsa aka ƙara don baƙi su gane wasan almara ne. A kwamfuta kamar ka buga ka rataye a falo. Jiya na rage shi na tura waya, wallahi sai ya koma fate-fate, ba ka gane doki ba ka gane daragon. Me ke sa hoton bango ya tsayar da mutum? Kuma daragon ɗin nan, ya zauna ko ya tafi?

TsohonPS2:
Daragon ya tafi.

Kodago227:
Haba tsoho, ko sallama ba ka amsa ba ka yanke hukunci 😂

TsohonPS2:
Wa alaikumus salam. Daragon ya tafi.

Injiniya_Burja:
Ƙanena, kafin a zo kan daragon, kuskurenku na farko shi ne kun ɗauka hoto ɗaya ake buƙata. Kowane kanti da ma'auninsa. A Play Store akwai aikon, 512 a 512, shi ne ɗan murabba'in nan da ke zama a fuskar waya. Akwai kuma shimfiɗaɗɗen hoto, 1024 a 500, wanda in kun sa bidiyon talla shi ne ke zama murfinsa, da alamar kunnawa a tsakiya, don haka kada ku sa fuskar jarumi daidai tsakiya. Suna harafi 30 ne iyakarsa, gajeren bayani harafi 80.

Steam kuma ya fi fitina. Suna kiran nasu kafsul, kuma iri-iri ne. Na saman shafi 920 a 430, ƙaramin 462 a 174, na tsaye da ke fitowa cikin laburaren mai wasa 600 a 900. A 2024 ne suka ninka girman wasu daga ciki, in kun ga tsohon bayani yana cewa 460 a 215 ku san ya tsufa. Ƙaramin nan shi ne ke fitowa in mutum yana bincike, kuma a allo ya fi haka ƙanƙanta. Kusan sunan wasan kawai ke shiga cikinsa. To ina za ku cusa mutum shida da doki da kuka?

Ku bar babban zanen nan, bai lalace ba, yana da wurinsa. Amma sai ta raba shi: jarumi daban, bayan fage daban, suna daban, yadda za a riƙa jera su gwargwadon kowane ma'auni.

Ɗan_Bagalam:
Yaya na gode. Ta zana komai a shimfiɗa ɗaya fa, ba ta raba ba. Ban san yadda zan gaya mata ba.

Uwar_Alƙalami:
Ka gaya mata da shayi da kilishi, ba ta WhatsApp ba. Ni ma zane nake yi, na san zafin abin.

Ga abin da nake yi wa kowane zane kafin in miƙa shi. Na farko in mai da shi baƙi da fari. In jarumi ya narke cikin bayan fage, launi ba zai cece shi ba. Na biyu in cika jarumin da baƙi wuluk, ya zama inuwa kawai, in tambayi wani mene ne wannan. Ku tuna filin kokowa na Kantu: kana can ƙarshen rumfa ba ka ganin fuskar ɗan kokowa, amma tsayuwarsa da gurayen da ke damtsensa sun gaya maka wane ne. Haka jarumin bango yake so ya zama. Na uku in rage shi daidai farcen babban yatsa, in fita da wayar tsakar rana. Wannan na ukun ne masu koyarwa a YouTube ba sa faɗa, don su a ɗaki mai sanyi suke. Mu a nan mutum yana zaune bisa benci, rana ta take, ya rage hasken allo don caji ya kai shi dare, gilashin wayar ma ya tsage. Hoto mai duhu ya mutu tun kafin a gan shi.

Doki da lifidi inuwa ce mai kyau ƙwarai, ba ta kama da ta kowa. Ku bar shi shi kaɗai.

MaiKod_Yamai:
Bari in zama saniyar ware. Ɗan_Bagalam bai yi wauta ba da ya nemi daragon. Mai duba Steam yana wuce hotuna da gudu, abin da idonsa ke tambaya shi ne wane irin wasa ne wannan. Mahayi da mashi da rawani, ba wata alamar sihiri, zai ɗauka wasan yaƙin tarihi ne irin Mount & Blade, wanda babu aljani ko ɗaya cikinsa. Mai son almara ya wuce, mai son tarihi ya shiga ya tarar da iskoki ya fita da fushi. Kun yi biyu babu. Daragon gajeriyar hanya ce ta cewa nan akwai sihiri. Skyrim a 2011 me suka sa? Baƙin bango da alamar daragon, shi ke nan.

TsohonPS2:
Skyrim na biyar ne a jerin Elder Scrolls, ko hoton tukunya suka sa za a saya. Kuma su daragon na cikin wasansu, shi ne ma labarin. Ɗan_Bagalam, tsakaninka da Allah, akwai daragon cikin wasanku?

Ɗan_Bagalam:
Babu.

TsohonPS2:
To.

Kodago227:
Tsoho ya ci wannan zagayen 😂😂

MaiKod_Yamai:
Na yarda, in babu shi a ciki kada a sa. Amma maganata tana nan: dole bangon ya nuna sihiri ko ta wace hanya.

Bagobirin_Tibiri:
Ku yara kuna ba ni mamaki. Kuna zaune bisa rijiya kuna roƙon ruwa. Mi za ku yi da macijin Turawa? Ba ku ji kakanninku na hwaɗin gajimare ba, masha-ruwa, macijin da ka hitowa daga rijiya ya miƙe sama ya shanye hadari? Shi ne bakan gizon da kuke gani. Ga Sarki, macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ga Doguwa, ga 'yan ruwa, ga dodo. In maciji kuke so wanda zai cika sama, ku sa gajimare da launukanai bakwai bayan mahayin. Baturen da ya ganai zai san ba na duniyar ga ba ne, Bahaushe ko zai san nashi ne.

Sannan ɗana, na ji an ce yaron ya ɗauki doki da lifidi. Ku lura da zanen. Lifidi auduga ce anka cusa cikin tufa anka ɗinke, ana sa wa doki ana sa wa mahayi, don kibiya ta maƙale. Sulke shi ne na zoben ƙarhe. Kwalkwali na kai. Na ga zane-zane da yawa inda anka sa wa Bahaushe rigar ƙarhe ta Turawa anka naɗa mashi rawani bisa. Ku tai hawan salla ku ɗauki hoto, ko nan Tibiri ko ƙohwar Sarkin Katsina nan Maradi, nisan bai kai a yi gardama ba.

Uwar_Alƙalami:
Baba, Allah ya ƙara girma. Gajimare ya ma warware matsalar launi: mahayi mai duhu a gaba, baka mai haske a baya. Inuwar za ta fito fes.

Malam_Limanci:
Ni ba ɗan wasan bidiyo ba ne, ɗana ne ya sa ni cikin zauren nan don in ga abin da yake yi. Shawara ɗaya: ku san inda kuke. Maciji cikin gajimare tatsuniya ce, ba wanda zai ce uffan. Amma in kuka sa 'yar bori tana hawa a bango, ko hatimi da rubutun da ya yi kama da aya, uba zai gani a wayar ɗansa ya goge, kuma magana za ta yaɗu. Rubutun allo ba kayan ado ba ne. Na ga an ce akwai abokan tafiya biyar, in da mace cikinsu a suturta ta.

Ɗan_Bagalam:
Malam, mun kiyaye. Mace ɗaya ce, maharbiya, da zane da riga da kwari a baya. Sauran: ɗan tauri, makaho mai garaya, wani tsohon dogari, sai akuya.

Kodago227:
Tsaya. Akuya?

Ɗan_Bagalam:
Jar akuya. Tana magana. Ita ce ke sayar maka da magani a hanya, kuma tana da tsada.

Kodago227:
Kuna da jar akuyar Maradi mai magana mai tsuga kuɗi, kuka ɓoye ta bayan daragon? Wallahi ba ku da tausayi.

Alhaji_Atamfa:
Ni shekarata 22 ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, ban san wasanku ba amma na san ido. Turmi ɗari uku ne cikin shago, uku nake ratayewa a ƙofa. In na rataye talatin, mace ta wuce ba ta ga ko ɗaya ba. Kuma wanda na rataye dole akwai shi a ciki, in ta shigo na ce ya ƙare sai wani, ta tafi ke nan, har ƙawayenta ta hana. Abin da na ga kuna ta juyawa ke nan tun ɗazu da manyan kalmomi.

Lauratu_Zariya2:
Alhaji ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Sau nawa na sauke wasa don talla ta nuna jarumi yana zare sanduna don ya kai ga zinariya, na ƙona forfe ɗina, na buɗe na tarar wasan jera alewa ne. Yanzu ko kallon aikon ba na yi sosai, kai tsaye hotunan cikin wasa nake zuwa, sai in duba mega nawa ne, sai ra'ayoyin masu tauraro ɗaya.

Injiniya_Burja:
Irin wannan tallar har hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Ingila ta hana wasu a 2020, na Homescapes da Gardenscapes, don abin da ake nunawa ba shi ne ainihin wasan ba. Steam kuwa tun 2016 suka ce wurin hotunan cikin wasa na hotunan cikin wasa ne, ba zanen talla ba. Aƙalla biyar suke nema. Kuma tun Satumba 2022 an hana rubuta makin masu sharhi ko lambar yabo ko ragin farashi a kan kafsul. Zane da sunan wasa, iyakarsa ke nan.

Tunda Lauratu ta kawo zancen, ga yadda zan jera muku hotunan in ni ne. Na farko faɗa, a ga jerin zaɓi da sandar rai, don mai son bi-da-bi ya gane gida ya zo. Na biyu gari da mutane. Na uku allon kaya da makamai, masu RPG suna son ganin abin da za su tara. Kada ku fara da allon “danna nan ka fara”, ba wanda ya taɓa sauke wasa don ya ga menu. Bidiyo ma haka, kada ku ci daƙiƙa goma kuna nuna sunan ƙungiyarku da ba wanda ya sani, kuma ku ɗauka ba sauti ake kallonsa.

TsohonPS2:
Ku kuna maganar ƙarya a talla kamar yau aka fara. Zamanin da muke sayen faifan PS2 da ake shigowa da su ta Ɗan Isa, bangon daban abin da ke ciki daban. Na taɓa tara kuɗin tara na sati biyu na sayi faifai mai hoton jarumi da takobi ya fi shi tsawo, na kai gida na sa, sai ga tseren mota. Na koma, mai shagon ya ce ai shi ma haka ya saye shi.

Amma bangon da har yau ban manta ba na Final Fantasy VII ne, na 1997, wanda jarumin wasan, Cloud, ya juya baya da ƙaton takobi yana kallon ginin Shinra. Ba a ma nuna fuskarsa ba. Mutum ɗaya, makami ɗaya, abin da zai tunkara ɗaya. Na Turai ma ko wannan babu, farin bango ne da suna da zanen Yoshitaka Amano a bayansa.

MaiKod_Yamai:
Tsoho, hujjar da ka kayar da ni da ita ɗazu ita ce ta kama ka. Na bakwai ne a jeri, suna da suna. Farin bango da rubutu a wurin wanda ba a sani ba kamar shago ne ba kaya.

TsohonPS2:
Shi ya sa na fara da na Cloud. Karanta da kyau, ɗan Yamai.

Zabiya_Tasawa:
Ni akasin ku nake gani. Kowa na cewa mutum ɗaya, mutum ɗaya. Amma daɗin RPG ai ayari ne. Baldur's Gate 3 fuskoki nawa ne a bangonsa? Dragon Quest fa, zanen Akira Toriyama, sau da yawa jarumi da abokansa ne tare. Mu kanmu da fastar finafinan Kano muka tashi, kawuna jere, kowa na neman wanda yake so. In na ga makaho mai garaya da ɗan tauri da akuya tare, zan so in san me ya haɗa su. Mahayi shi kaɗai bai ba ni wannan tambayar ba.

Uwar_Alƙalami:
Yaya Zabiya, fastar fim tana aiki ne don kin riga kin san fuskokin. Nan ba wanda ya san kowa. Amma ban ƙi taki gaba ɗaya ba: a hoton 1024 a 500 akwai fili, ana iya sa uku, ɗaya babba biyu ƙanana, ba shida masu girma ɗaya ba. A aikon kam ɗaya ne, ba ciniki.

Gwanin_Xender:
Duk kun manta abu guda. Mutum nawa ne a Maradi za su ga shafinku na Play Store? Yawancin wasannin da ke wayata ban sauke su ba, turo mini aka yi ta Xender a fada. Abin da ke tafiya da wasan aikon ne da suna, ba bidiyo, ba bayani, ba hoto biyar. Abokinka yana zazzaga wayarka ya ga wani ɗan hoto ya ce mene ne wannan, turo mini. Nan ne kantinku na gaskiya. Don haka aikon ya fi komai.

Kuma don Allah kada ku yi fuskar mutum ya wage baki yana ihu. Tun da Clash of Clans ya yi, kowa ya bi, yanzu in ka buɗe Play Store kamar an taka wa mutum ɗari ƙafa lokaci ɗaya.

Kodago227:
Akuya tana ihu fa? Wannan ba a taɓa yi ba.

Lauratu_Zariya2:
Kodago ka bar raha, ni da gaske zan taɓa aikon mai jar akuya da laya a wuya kafin in taɓa mai doki. Kuma Ɗan_Bagalam, cikin harafi 80 ɗin nan ku rubuta cewa ba ya buƙatar intanet, in dai haka ne. Wannan ya fi mini kowace kalma mai daɗi.

Ɗan_Bagalam:
Ba ya buƙata. Ban taɓa tunanin abin faɗa ba ne.

MaiKod_Yamai:
Akuya a aikon, mutum ya ɗauka wasan kiwo ne ko na yara. Ga mu mun dawo inda muka fara.

Sabon_Shiga:
Ni ban gane wahalar ba. Ku rubuta wa AI abin da kuke so, minti biyu ya ba ku bango goma masu kyau, ku zaɓa. Me ya sa yarinya za ta yi sati shida?

Uwar_Alƙalami:
Gwada ka ce masa ya zana maka ɗan lifidi. Ni na gwada. Balarabe ya ba ni bisa raƙumi, da na matsa ya ba ni jarumin Turawa baƙar fata da fatar damisa a kafaɗa. Bai san zanko ba, bai san aska takwas a wuyan riga ba, linzamin ma ta cikin wuyan dokin ya bi. Abin da zai bambanta wasan nan da dubban da ke kanti shi ne daidai abin da injin bai iya ba.

Injiniya_Burja:
Ƙari a kan haka, tun Janairu 2024 Steam na tambayar mai haɗa wasa ko ya yi amfani da AI, kuma amsar tana fitowa a shafin wasan kowa ya gani. Akwai masu saye da suna ganin haka suke juyawa. Sannan in bangon ya fi cikin wasan kyau nesa ba kusa ba, mun koma kan turmin Alhaji.

Sabon_Shiga:
To Allah ya ba da haƙuri, tambaya na yi.

Bagobirin_Tibiri:
Ba laihi ɗana, tambaya ba ta ɓata zaure. Ni abin da ya tsaya mani, wane irin birni ne bakin gulbin? Don Maradi ta hwarko cikin kwari take, ambaliyar 1945 ta sa anka hau tudu. In birninku na da ganuwa da ruwa na cin gindinta, wanga ma hoto ne. Kuma sunan ya yi mani, tambari ba ganga ba ne da kowa ka bugawa, in anka sace shi an sace sarauta.

Ɗan_Tasha:
Sunan nan ne ma nake so in yi magana a kai. Ɓ ɗin farko zai ba ku aiki. Yawancin haruffan ado da ake saukewa kyauta ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai ka rubuta ka ga akwati ya fito, ko harafin ya zo da wani salo daban kamar baƙo a biki. Gara ta zana sunan da hannunta, ƙugiyar Ɓ ma ana iya mai da ita makaɗin tambari. Sannan ba mai rubuta Ɓ a wurin bincike, Barawon za a rubuta. Ku tabbata kalmar ba ƙugiya tana cikin dogon bayani.

Wanda ba ya jin Hausa fa, me zai karanta?

Ɗan_Bagalam:
Mun yi tunanin barin sunan da Hausa, a ƙasa a sa fassara da Faransanci ko Ingilishi da ƙananan haruffa.

MaiKod_Yamai:
Haka 'yan Kamaru suka yi da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, na Kiro'o Games a Yawunde, da ya fito a Steam a 2016. Suna nasu, ƙarin bayani da harshen kasuwa, tufafi da labari na Afirka, salon zane kuma ya jingina da manga, zanen Japan, don ɗan wasa ya ga abin da ya saba. Abin da nake ta faɗa ke nan tun safe, a ba baƙo igiya ɗaya da zai kama. Ku duba shafinsu kafin ku yi naku.

Amma ƙananan haruffan nan ba za su karantu a 462 a 174 ba, ku cire su a can.

Injiniya_Burja:
Kafin ku yi nisa da mafarkin Steam ku san kuɗinsa: dalar Amurka 100 kowane wasa, wajen jika sittin gwargwadon canji, ana mayar muku in cinikin ya kai dala 1,000. Google dala 25 ne sau ɗaya. Amma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwaji da mutum 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya fito fili. Abin daɗin, Play Console, inda masu haɗa wasa ke sarrafa shafinsu na Play Store, na da wurin gwada aikon biyu, wasu su ga wannan wasu su ga wancan, a ga wanda aka fi saukewa. Sai dai yana son jama'a da yawa kafin sakamakon ya yi ma'ana. In kuna so ku fara ba ko dala, akwai kantin itch.io, bangonsu 630 a 500.

Kodago227:
Dala 25 ta Amurka fa, kada wani ya zo da dala ashirin da biyar tamu ya ce a buɗe masa asusu 😂

Ɗan_Bagalam:
Na dawo. Jiya da dare mun yanka zanen gida uku da gaggawa, ba gyara: kan doki da mahayi, tambari shi kaɗai, da kan akuya. Na zagaya da waya fadarmu da ta maƙwabta, mutum goma sha ɗaya, ina nuna kowane kamar ƙiftawar ido in tambaya wane irin wasa ne. Tambarin ba wanda ya gane, wani ya ce turmi, wani ya ce kofin shayi. Dokin kowa ya ce yaƙi, amma ba wanda ya ce aljanu, MaiKod ka ji daɗinka. Akuyar kowa ya yi dariya ya karɓi wayar ya ƙara dubawa, amma uku sun ce wasan yara ne.

MaiKod_Yamai:
A rubuta a ajiye.

Zabiya_Tasawa:
Ba ka gwada na ayari ba, ka yi mini rashin adalci.

Mai_Zanen:
Salamu alaikum. Ni ce ƙanwar da ake ta magana a kanta, yayana ya turo mini duk abin da kuka rubuta. Tun ranar farko na ce daragon bai dace ba, aka ce ni ban san kasuwa ba. Baba na Tibiri, na gode, gajimare na fara zanawa tun da asuba, kuma na gane sulke na yi wa mahayin alhali lifidi ake nufi, zan gyara. Yaya Uwar_Alƙalami, na mai da shi baƙi da fari, dokin ya ɓace cikin kukar kamar yadda kika ce. Zan raba shi shimfiɗa-shimfiɗa. Aikon zan yi biyu, mahayi da bakan a bayansa, da akuya amma ba tana dariya ba, da ido ɗaya mai haske yadda ba za a ce ta yara ce ba. Na ayari kuma zan gwada a shimfiɗaɗɗen, mutum uku.

Kilishin da aka ce a kawo mini har yanzu ban gani ba.

TsohonPS2:
Ɗan_Bagalam, ka ji. Daragon ya tafi, kilishi ya zo.

MaiKod_Yamai:
Ni dai sai na ga gajimaren a girman farce kafin in sallama. Launi bakwai a ɗan wuri, ina tsoron wani fate-faten.

Uwar_Alƙalami:
Ba sai bakwai ba, uku sun isa a gane baka ne. Ƙanwata, turo mini ta akwati in kin gama, mu duba tare.

Ɗan_Bagalam:
Mutum 12 ɗin da Injiniya ya ce, wa da wa zai shiga? Android kawai, kuma sai ka bar shi a wayarka kwana 14.

Lauratu_Zariya2:
Sa ni. Mega nawa ne?

Kodago227:
Ni ma, da sharaɗin akuyar ta yi mini ragi.